Ta Faɗi Duka

Zangon Kumasi, Fabrairu 1954

Zuwa ga ƙanena Muniru direba, Fagge, Kano.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Ni ce yayarka Safura nake magana, Bawah mai rubuta wasiƙu a bakin gidan waya shi ke buga mini a tafireta, don haka in ka ga kuskure, nasa ne. Ƙafata ta yi sauƙi, na koma tuyar ƙosai a kasuwar Kejetia. Mutanen gida duk suna gaishe ka, har da Malam Abukari mai makarantar allo a ƙofar gidanmu.

Maganar 'yarka Rakiatu ce ta sa na bar kaskona na zo na zauna a bencin Bawah. Ka san ta shiga midil sukuu, makarantar da ke gaba da firamare, a watan jiya. To, tun da ta shiga wani sabon hali ya same ta. Da can in ta dawo daga firamare duk gidan sai ya sani, tana rera Turanci kamar mai talla. Yanzu sai ta ɗauki littafi, ta kife turmi ta zauna, ido a kan takarda, baki a rufe kamar an ɗinke shi.

Ranar farko na zaci gyangyaɗi take yi, na ƙwala mata ludayi a ka. Ta ɗago ta ce, "Gwaggo, karatu fa nake yi." Na ce wane karatu, ni kurma ce? Ga yaran Malam Abukari nan suna karatu har kwanon rufi yana amsawa, wannan shi ne karatun da na sani tun ina yarinya.

Sai ta yi mini bayani. Wai malaminsu, wani Batone, ɗan asalin ƙasar nan, mai suna Ticha Boakye, ya ce duk wanda ya shigo midil ya wuce karatun baki. Ido ne zai karanta, zuciya ta riƙe. Daga nan a rufe littafi a tambaye ka me aka ce, don me aka ce, kuma me mai rubutun yake nufi wanda bai fito ya faɗa ba. Wannan na ƙarshen ya ba ni dariya. Abin da mutum bai faɗa ba, ina yaro zai samo shi in ba duba zai koya ba? Wanda kuma leɓensa ke motsi, sai ticha ya sa ya gitta asuwaki a baki har ya gama shafi. Asuwakina ya ƙare ƙaf a gidan nan saboda 'yarka.

Zuleha mai wanki ta ce a nema mata rubutun sha, wai yarinyar da ke zura wa takarda ido ba ta magana, ba ita kaɗai ba ce. Malam Abukari kai kawai ya girgiza. Ni dai abu ɗaya na lura da shi. Tana zaune shiru sai ka ga ta yi murmushi, can kuma ta haɗe rai, wani lokaci har ta ja tsaki. Na ce a raina akwai abin da ke shiga kan nan, shi ya sa na rabu da ita. Amma kai ne uba, ban so ka ji a bakin wani.

Yayarka, Safura.

Fagge, Kano, Maris 1954

Zuwa ga Yaya Safura.

Gaisuwa da girmamawa. Na ji daɗin labarin ƙafarki, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma lafiya lau, sai gajiyar hanya. Takardarki ta daɗe tana jirana a wurin mai shayin tasha, domin na yi Nguru, mota kuma ta lalace mini a can.

Yaya, maganar Rakiatu ba ta kwanta mini ba. Ni ma na yi boko a soja, da shi nake rubuta miki wannan da hannuna. Sajan da ya koya mana, in bai ji muryarka daga ƙarshen bariki ba, ba ka karanta ba ke nan. Ko takardar nan taki da ƙarfi na karanta ta, haka na saba. Yaron da ya rufe baki a kan littafi, wa zai san ko ya iya ko bai iya ba? Ina tsoron malamin nan lalaci ne, ya samo dabarar da zai huta da surutun yara ya kira ta ilimi. Gidanmu kuma ba a san mu da riƙe abu a baki kamar doki da linzami ba.

Kin san yadda dangi suka yi mini ca lokacin da na yarda a sa ta sukuu. Don uwarta na yarda, Allah ya jiƙanta, ita ta roƙe ni. Ba zan so a ce mun sha wannan surutu duka a banza ba.

Ga abin da na yanke. Na ji suna yin jarrabawa kafin hutu. In ta ci ta karatun nan, ta zauna a hannunki ta ci gaba, bakina ya mutu. In ba ta ci ba, zan aiko a ɗauko ta Kano, ta zauna wurin Inna Ayishatu ta koyi ɗinkin hula, maganar sukuu kuma ta ƙare. Kada ki ce na yi zafi, kin san ba na magana biyu. Ki sanar da ni da zarar an yi.

Ki gaishe ta, ki ce ta riƙe salla.

Ƙanenki, Muniru.

Zangon Kumasi, Afrilu 1954

Muniru, gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, ruwa ya sauka sosai, ɗakina yana yoyo. Wannan gajeruwa ce, domin ana shirin rufe jakar wasiƙu, Bawah kuma yana ta zungurina in yi sauri.

An yi jarrabawar karatun yau. Da kaina na je, na tsaya a taga. Tambayoyi iri-iri aka yi musu, 'yarka ta faɗi duka, ba ta bar ko ɗaya ba. Ban san lokacin da na fashe da kuka a gaban mutane ba. Hedimasta ya ce tun da yake aiki bai taɓa ganin irin wannan ba, kuma lalle yana son magana da ubanta. Sauran bayani sai na nutsu.

Yayarka, Safura.

Fagge, Kano, Yuni 1954

Zuwa ga Yaya Safura.

Gaisuwa, da barka da salla. Ina fata kun sha ruwa lafiya. Ni dai na yi azumin, amma ban ji daɗinsa ba.

Na sami takardarki ana gobe za a ɗauki azumi. Na jira sauran bayanin da kika ce, shiru, na gane kunya ce ta hana ki. Kin ce ta faɗi duka, ba ta bar ko ɗaya ba. Yaya, ko ɗaya? Yarinyar da ta fi kowa baki a firamare? Na faɗa miki malamin nan zai kashe mata karatu, ga shi ya kashe. Ba na jin haushinki, na san kukan da kika yi na gaskiya ne. Hedimasta kuwa ki ce masa ya riƙe maganarsa, ba sai na zo daga Kano an ci mini fuska a gaban yara ba.

Wanda ya kawo miki wannan takarda shi ne Issifu, Badagomba ne, tare muka yi soja, lorin goro yake ja. Na yarda da shi kamar kaina. In ya gama lodi zai juyo, ki haɗa masa Rakiatu da kayanta, matarsa tana cikin motar, za ta kula da ita a hanya. Na ba shi amana kada ya dawo ba tare da ita ba, ko me za ki ce masa, domin na san bakinki.

Littattafan ki bar su nan, ki ba wa wanda za su amfana. Ki yi haƙuri, Yaya. Na san ke kika raine ta.

Ƙanenki, Muniru.

Zangon Kumasi, Yuni 1954

Zuwa ga Muniru, mai kunnen ƙashi.

Ina gaishe ka don gaisuwa wajibi ce. Muna lafiya, yoyon ɗaki an toshe. Na gaya wa Bawah yau ko gidan waya zai kama da wuta ba zai tashi ba sai na gama, don saurinsa ne ya jawo mana wannan. Laifina ɗaya, azumi da kasko sun sha mini kai ban aiko da bayanin da na ce ba. Sauran laifin duk naka ne.

Issifu ya iso ranar Asabar da hantsi, ina wanke wake. Ya yi sallama ya miƙo takarda, ya ce da Hausarsa ta Dagomba, "Mma Safura, Muniru ya ce yarinya ya fadi sukuu, in dauko shi." Na ce wace yarinya, a wane gida? Ya ce duk yana cikin takarda. Gidan nan kuwa babu mai karanta boko sai ita, don haka na kira ta na ba ta, ban san hukuncinta nake miƙa mata da hannuna ba.

Ta tsaya a tsakar gida tana karantawa, baki a rufe yadda ta saba. Ina kallo fuskarta ta canja, hawaye ya zubo har ya ɗiga a kan takardar. Na zaci mutuwa aka yi. Na ce ki faɗa mini mana. Ba ta kula ni ba, sai na ga idonta ya koma sama ya sake bin wani layi, ya sake bi. Can sai ta share fuska da bakin zane, ta ce, "Gwaggo, ranar jarrabawa me kika ce wa Bawah ya rubuta?"

Na ce, "Na ce kin faɗi duka."

Sai ta fashe da dariya, ga hawaye bai bushe ba. Ta ce, "Ke faɗar baki kike nufi. Baba ya ja kalmar, ya karanta ta faɗuwa. A boko rubutunsu ɗaya ne." Na ce ke yaya aka yi kika sani, kina Kano? Ta nuna mini layin, kamar zan gane, ta ce, "Ga maganarki ya maimaita, wai ba ta bar ko ɗaya ba. Ai wanda ya amsa tambayoyi ake ce wa bai bar ko ɗaya ba. Nan na gane maganar taki ce daidai, karatun ne ya karkace."

Muniru, ka ji abin nan da na yi wa dariya, na gano abin da mutum bai faɗa ba? Ga shi na gani a tsakar gidana. Yanzu bari in gaya maka yadda aka yi, kuma na sa Bawah ya ja maka kalmar yadda ko soja zai gane: ba ta faaɗi ba. An ba su shafin da ba su taɓa gani ba, labarin wani mai jirgin ruwa a kogin Firaw, suka karanta shiru, aka karɓe takardun. Hedimasta ya riƙa tambaya, yara suna ta kame-kame. Da aka zo kanta ta miƙe ta zayyano labarin daga kai har wutsiya, ta faɗi abin da ya sa mutumin ya ƙi haye da fasinja, alhali ba a rubuta dalilin ba. Ni ba na jin Turanci, amma na ga Ticha Boakye yana buga tebur don murna, wata Batoniya mai sayar da lemu kusa da ni tana fassara mini. 'Yarka ce ta ɗaya a ajin, maza da mata. Kukan da na yi ke nan. Hedimasta kuma so yake ya roƙe ka kada a cire ta, yana son nan gaba ta zauna jarrabawar shiga sakandare.

To, abokinka ya ji wannan duka, ya ce shi dai amana aka ba shi. "Muniru ya ce bakinka da dadi, kada in saurara." Na ce in ya taɓa akwatinta sai na juye masa ruwan waken nan a ka. Gida ya cika, Zuleha ta bar wanki, Malam Abukari ya shigo yana ba da haƙuri. Gaskiya na tsorata, don mutumin ba shi da niyyar mugunta, kuma irin wannan ya fi wuyar juyawa.

Malam ne ya ce, tunda shakka ake, a gwada a gani. Issifu ya yi tunani, ya fita ya dawo da wani ɗan littafin Turanci duk baƙin mai, wanda aka ba shi tare da lorin, ba wanda ya taɓa karanta masa. Ya ce shi bai san boko ba amma ya san inji, in ta yi masa ƙarya zai gane. Ya buɗe tsakiya ya dangwala yatsa.

Ta zauna a kan turminta. Malam ya leƙa waje ya tsawata wa yaransa, abin da ban taɓa gani ba, gidan nan ya yi tsit har ana jin ɗigar ruwa daga indararo. Ni kuwa ina ta salati a zuci, ina cewa yarinyar da ko keke ba ta taɓa hawa ba, ina ita ina inji. Ta gama, ta rufe littafin ta miƙa masa.

Ta ce, "Baba Issifu, sun ce in inji ya yi zafi har ruwan lagireto ya tafasa, kada a buɗe nan take. A jira ya huce, sannan a tayar da shi, a zuba ruwa kaɗan-kaɗan yana aiki. Akwai kalma ɗaya da ban sani ba. Amma kafin ita sun ambaci ƙarfe mai zafi da ruwan sanyi, bayanta kuma sun ce ruwa zai riƙa zuba, don haka ina jin tsagewa suke nufi."

Issifu ya riƙe baki. Ya ce haka tsohuwar motarsa ta mutu a hanyar Tamale, yaron mota ya kwara mata ruwan rafi, inji ya tsage. Ya juyo ya ce mini, "Mma, wannan yaro bai fadi ba. Muniru ne ya fadi." Ban taɓa jin Hausa mai daɗin wannan ba. Malam Abukari kuma ya ce ai wannan muɗala'a ce, irin wadda manyan malamai ke yi a kan littattafansu, shi bai zaci ana koya wa yara ba. Zuleha ma cewa ta yi ita da ma ta faɗa.

Issifu zai taso gobe, ba tare da ita ba, shi zai kawo maka wannan. Kada ka ga laifinsa. Ita kuwa ta koma sukuu, amma ba ta cin abinci sosai, don ta ce har yanzu ba ta ji daga bakinka ba. Kai ka ce ba ka magana biyu. To, ta ci.

Yayarka, Safura.

Fagge, Kano, Yuli 1954

Zuwa ga Yaya Safura, da 'yata Rakiatu.

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina lafiya, Issifu ya iso lafiya, tun kafin ya kashe mota yake yi mini dariya. Yaya, duk zagin da kika yi na karɓa, har da wanda Bawah ya ji kunya ya rage.

Waccan takarda a rumfar mai shayi na karanta ta, da ƙarfi, a gaban direbobi. Bakina ya riga hankalina, da ya ja kalmar shi ke nan, ban sake waiwayar layin ba. Saboda haka duk Fagge ta san 'yar Muniru ta faɗi. Jiya na tara su a rumfar nan, na sa Issifu ya ba da labarin lagireto, na sayi shayi na raba. Wani ya ce in za a sami irinta a Kano zai ɗauke ta ta riƙa karanta masa takardun mota. Na ce ya yi kaɗan, wannan sakandare za ta.

Ki je ki gaishe mini da Ticha Boakye, ki ce na janye abin da na faɗa a kansa, ko da yake bai ji ba. Ki gaya wa hedimasta uban ya amince.

Sauran maganar ta Rakiatu ce, na san ita ke riƙe da takardar.

Rakiatu, ki zauna wurin gwaggonki, ki yi karatunki yadda aka koya miki, ki ci abinci. Babu mai zuwa ɗaukarki. Tunda an ce kina gane abin da mutum bai faɗa ba, gara in faɗa da kaina kafin ki tono ni. Ranar da na karanta cewa kin faɗi raina ya ɓaci ƙwarai, amma can ƙasan zuciyata wani abu ya yi murna, domin zan riƙa ganinki kullum. Rabona da ke tun kanki bai kai aljihun rigata ba. Da lorin Issifu ya shigo tasha, na riga na san halin gwaggonki, amma sai da na leƙa gaban motar.

Ba ki ciki, kuma ban taɓa yin alfahari da ke kamar ranar ba. Allah ya yi miki albarka.

Ubanki, Muniru.